Rim ɗin Motarki da Na Fasa

Zuwa ga Ummi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ko da yake yau kwana huɗu ke nan gaisuwarki gare ni ba ta wuce "ina kwana" daga bakin ƙofa ba, kanki a ƙasa, kafin in gama amsawa kin juya. Allah ya kai ki Haɗeja lafiya ran Lahadi, ya sa ki fara aikin asibitin nan a sa'a, ya haɗa ki da mutanen kirki. Allah ya raba ki da ramin titi da direban tirela mai gyangyaɗi. Amin.

Shekara goma sha tara ke nan ina ɗauke da tambaya guda ɗaya. Na yi wa manya, na yi wa ƙanana, ba wanda ya taɓa tsayawa ya dubi idona ya amsa mini. Kowa sai ya ce a bar wa Allah. To wa ya ce zan ƙwace wa Allah? Tambaya na yi. Yanzu ga shi ke ma kin shiga layinsu kin koyi shiru, shi ya sa na ɗauki biro. Kin san ban shiga aji ba. Baƙaƙen bokon nan a bakin kamfani na tsince su, wajen wani akawu da ke zama a rumfata yana jiran a yi wa kekensa faci. In kin ga harafi ya karkace, ki miƙe shi a ranki ki wuce. Magana da baki ba ta yi mini rana a gidan nan ba. In na fara, Innarki ta ce "an soma", ke kuma ki tuna kin bar abu a wuta. Takarda dai ba a katse ta.

Na fasa miki rim ɗin mota. Ban musa ba, ni na fasa shi, da gudumata. Amma kafin ki tafi da fushina a ciki, ki zauna ki ji inda abin ya samo asali, don ba ki taɓa jin labarin daga farko zuwa ƙarshe ba. Guntu-guntu kika ji, a bakin mutanen da ba sa wurin.

Lokacin kina aji biyu a firamare, rumfata tana Sharaɗa, jikin katangar wani kamfanin robobi. Faci nake yi, ina kuma miƙe rim. Duk motar da ta faɗa rami tsakanin Sharaɗa da Challawa bakin rim ya lanƙwashe, wurina ake kawowa. Rim ɗin lokacin na ƙarfe ne, baƙi, mai haƙuri. Ka ɗora shi a kan gungume ka ba shi guduma uku ko huɗu, in ya yi gardama ka ɗan nuna masa wuta, ya koma yadda yake. In na gama sai in rataye shi da igiya in ƙwanƙwasa da sifana. Mai lafiya ƙararsa tana da tsawo, kana jin ta tana tafiya. Mai tsaga kuwa sai ya ce ƙwas, ya yi shiru. Da kunnen nan na ciyar da ku. Direbobin kamfani har cewa suke yi ba rim ɗin da ya fi ƙarfin hannuna, ni kuma ina jin daɗi, ina gyara hula.

Sai ranar da Sale ya zo. Sale direban manajan wani kamfanin fata ne a Challawa, mutumin Haɗeja, abokina ne, a rumfata yake shan rake in an aike shi gari. Ya buɗe but ya fito da wani rim fari mai yatsu biyar, yana ƙyalli. Na alminiyam ne, irin wanda yaran yanzu ke rububi. Bakinsa na ciki ya lotsa. Ya ce rami ya faɗa lokacin da Manaja ba ya cikin motar, kuma in Manaja ya gani aikinsa ya tafi. Lokacin hutun rana ne, rumfa cike da direbobi da ma'aikatan da suka fito cin abinci. Wani daga cikinsu ya leƙo ya ce, "Malam, wannan fa ba irin naka ba ne."

Gaskiya ya faɗa. Ban taɓa sa wa irinsa guduma ba. Abin da ya kamata in ce kalma uku ce: ban iya ba. Amma mutum goma suna kallona, sai na ce wa Sale ya kawo.

Na ɗora shi a gungume kamar na ƙarfe. Guduma ta farko bai motsa ba. Ta biyu ya ɗan taso. A ta uku na ji wata 'yar ƙara, ƙis, kamar an taka busasshen kara. Injin kamfani yana ruri, ba wanda ya ji sai ni. Na juya shi, sai ga wani layi siriri kamar gashi, tsawon ɗan yatsa, a bakin ciki. Na ɗora babban yatsana a kai na rufe, na ce wa Sale wannan aikin ba na gaggawa ba ne, ya sa safaya ya dawo gobe.

Ummi, ke yanzu magani da allura za ki riƙe, ba guduma ba. Ranar da aka miƙo miki abin da ba ki sani ba, ga mutane suna kallo, ga farin kaya a jikinki, ki ce ba ki sani ba. Za su yi dariya, su ce 'yar mai faci ce dama. Su yi. Dariyar ba ta wuce la'asar. Ni na guje wa dariyar yini ɗaya, ga ni nan har gemu ya yi fari ban huta ba.

Da a nan na tsaya ma da sauƙi. Na naɗe rim a buhu na ɗaure a bayan keke, na tafi har Dakata wurin wani mai walda da aka ce yana taɓa alminiyam, don kada kowa a Sharaɗa ya gan ni. Ya duba ya ce zai like mini, amma ba ya rantsuwa a kansa. Ya ce wannan ƙarfen in ya sha wuta, ba waldar ce ke saki ba, gefenta ne ke yin laushi, kuma ba ya ba da sanarwa kafin ya tafi. Na ji shi sarai. Ya yi waldar, ta fito tudu guda, mummuna, kamar tabon ƙuna. Da na bar ta haka, duk wanda ya cire tayar zai gani ya ce a'a, wannan an taɓa shi, a yi hankali. Amma ina! Na zauna tun azahar har rana ta yi sanyi, na bi ta da magagari, na bi da samfefa, na shafe da fenti ruwan azurfa. Da na ga ya fi sauran ukun haske, sai na lakato baƙin birki da ƙasar titi na shafa masa don ya yi kama da 'yan'uwansa. Ki ji fa. Datti na shafa masa da hannuna. Da Sale ya zo ya juya shi ya sake juyawa, ya kasa gane inda ya lotsa. A duk rayuwata ban yi aikin da ya kai wannan kyau ba, kuma shi ne aikin da ya fi kowane muni.

Saboda haka ki riƙe wannan: abin da aka gyara a bar shi da tabonsa. Ko a takardar majiyyaci kika yi kuskure kika gyara, ki bar inda kika soke a gani, kada ki goge ya zama kamar ba a yi ba. Wanda zai zo bayanki yana da haƙƙin ya san an taɓa wurin. Tun daga shekarar nan ba rim ɗin da ya bar hannuna ban ɗiga masa jan fenti a inda na taɓa ba. Masu motoci suna zagina, suna cewa na ɓata musu ado. Wasu sun daina zuwa saboda haka. Su je. Kin sha tambayata kina yarinya me ya sa farcena kullum ja ne, ina ce miki aiki ne. To ga aikin.

Ban dai bar Sale haka ba. Na ja shi bayan rumfa na gaya masa a hankali cewa an yi walda, ya sa shi a baya, kada ya yarda ya zo gaba, don tayar gaba ce ke riƙe da sitiyari. Ya ce to. Na ɗauka na sauke nauyi. Ban tuna cewa motocin kamfani ana kai su sabis ba, can kuma sai su kwance tayoyi su juya, ta baya ta zo gaba, ta gaba ta koma baya. Wa zai gaya musu? Ni na goge alamar da hannuna. Sau biyu bayan nan Manaja da kansa ya tsaya a rumfata a ƙara wa taya iska, ya sauke gilashi ya ce sannu da aiki. Ina tsugune a gindin motarsa, na sa masa iska na sallame shi. Na ce a raina in na faɗa, na ci amanar Sale. Na rufa wa abokina asirin aikinsa, na bar shi yana gudu a kan abin da na san ya tsage. In kin san wani abu da ran mutum ke kai, ki faɗa wa mai ran, da murya sosai, ko za a ji haushinki. Raɗa a bayan rumfa ba faɗa ba ce.

Wata huɗu bayan haka, da damina, da hantsi, Sale yana komowa Challawa shi kaɗai a motar. Rim ɗin gaba ya tarwatse, mota ta kwashe ta daki kwalbati. Ƙugunsa ya karye. Har yau da sanda yake tafiya, bai sake riƙe sitiyari ba.

Washegari na rufe rumfa na tafi kamfanin. Ga motar can a tsakar fili an lulluɓe ta da tamfol, ƙafa uku a jiki. Na tambayi maigadi ina wanda ya fashe, ya ce 'yan gwangwan masu bin tsofaffin ƙarafa sun tsince gutsattsarin tun a bakin titi. Na ce to ya bar ni in kwanta ƙarƙashin motar in kankare fentin ukun nan da ƙusa. In na sami waldata a ɗaya daga cikinsu, to ba nawa ne ya fashe ba. In ban samu ba, na san nawa ne. Ƙusa ɗaya da minti biyar, shi ke nan abin da na roƙa. Ya ce an ce kada kowa ya taɓa. Na koma kwana uku a jere. A kwana na huɗu na tarar da fili wayam, wai an sayar wa masu kayan gyara sun yanka ta.

Na je wurin Sale a asibiti. Ya kama hannuna ya ce, "Malam, ƙaddara ce." Na ce na sani, amma wanne ne ya fashe? Ya rufe ido wai barci yake ji. Masu zuwa dubiya wasu suka ce ruwan sama ne ya rufe ramin da ke wurin, ko sabon rim daga kwali ya faɗa sai ya fashe. Ban san abin da Sale ya faɗa wa wani ba, amma a hankali direbobin kamfani suka daina tsayawa a rumfata. Za su wuce su ɗaga hannu, su kai aikin gaba. Ba wanda ya ce ni ne. Ba wanda ya ce ba ni ba ne. Da an tsayar da ni an zage ni a gaban jama'a, da ya fi mini. Haka na tattara na koma Dakata ina fama da tayoyin tirela, aikin da ya cinye mini baya. Da shi kika yi karatun da yau kike gaya mini na'ura ta fi ni sani.

Sale ya koma garinsu. Sau biyu ina binsa har Haɗeja. Ya sa a soya mini kifi, ya tambayi Innarki, ya tambaye ku ɗaya bayan ɗaya, ya ba ni labarin ambaliya da farashin shinkafa. Da na kawo maganar sai ya ce, "Haba Malam, har yanzu?" Har yanzu mana! Shi ne ya tsaya a wurin sabis, shi ya san ko an juya tayoyin ko ba a juya ba. Yana ganin tausayina yake ji. Wannan wane irin tausayi ne? In nawa ne, in sani, in nemi gafararsa da sunan abin da na yi. In ba nawa ba ne, in ajiye kayan nan in huta. Mutum ya hana ka laifinka, ya hana ka wankinka, sannan ya ba ka kifi.

To yanzu ki dawo kan motarki. Na san wahalar da kika sha kafin ki saye ta, ta hannu ce amma a wurinki sabuwa ce, na ga yadda kike goge ta da tsumma kowace safiya. Tun satin farko na lura tayar gaba ta dama tana sauka duk bayan kwana uku. Na ce ki kawo in duba. Kika ce kada in wahalar da bayana, kika kai ta shagon nan mai gilashi na Bompai inda yara ke sa riga iri ɗaya. Suka ɗora a na'ura, suka ce rim ne ya ɗan tsage, sun miƙe sun like sun fesa fenti. Kika dawo kina murna wai ko alama babu. Da kika faɗi kalmar nan, ko alama babu, sai na tuna rim ɗin Sale.

Na kaɗa ruwan sabulu na tsuguna na shafa a bakin rim ta ciki. Kina tsaye kina danna waya. Na jira. Sai ga 'yan ƙananan kumfa suna tasowa ɗaya bayan ɗaya, a gefen inda suka like. Na ce zo ki gani. Kika leƙo daga tsaye kika ce ai sabulu dama kumfa yake yi, kuma yanzu na'ura ce ke aunawa. Na'ura! Na'urar nan abin da ta sani shi ne ko rim yana juyawa daidai ko yana rawa. Ba ta san abin da ke ƙarƙashin fenti ba. Ban ce yaran mugaye ba ne. Abin da na yi suka yi, sai dai su da wutar lantarki suka yi nasu, ni da magagari. Na ce a canza shi, kika ce sai kin fara ɗaukar albashi. Na ce a mayar da shi baya ko a sa safaya, kika ce safayar ƙarama ce ba ta doguwar tafiya. Innarki ta sa baki wai in bar yarinya da motarta, tsoron abin da ya sami Sale ne ke damuna har yau. E, shi ne ke damuna. Sai me?

Hanyar Haɗeja na san ta. Na san inda kwalta ta ɓare, na san yadda manyan motoci ke turo ƙaramar mota gefe. Kin ce duk ƙarshen mako za ki riƙa zuwa gida. Zuwa da komawa, a kan wannan rim, a gaba, a dama, ɓangaren da ke cin bakin titi. Na lissafa haka na kasa cin tuwo.

Ran Talata da kuka hau adaidaita ke da Innarki kuka tafi Hotoro yi wa kawunki sallama, na sa jak na cire ƙafar. Na sace iskar, na zare tayar, na rataye rim na ƙwanƙwasa. Ƙwas. Na san in na ajiye shi a gefe, kina dawowa za ki sa a mayar, Innarki na taya ki. Sai na ɗauko babbar gudumar tirela. A bugu na biyu ya buɗe, daidai wurin. Ummi, inda guduma ta karya sabo fari ne tas yana walƙiya. Amma inda tsohuwar tsagar take baƙi ne, datti ya shiga ya zauna, kuma ta wuce inda waldarsu ta tsaya da kusan faɗin yatsa biyu, ta nufi gindin ɗaya daga yatsun rim ɗin. Sama kawai suka like. Na zauna a ƙasa da guntun nan a hannu. Daga nan na je na samo baƙin rim na ƙarfe, na gwada ramukan noti suka zauna daidai, na ƙwanƙwasa ya yi ƙara mai tsawo, na mayar da tayarki, na kai aka daidaita ta, na ɗaure da hannuna.

Da kuka dawo na shirya. Na tanadi amsar ihu, na tanadi amsar kuka, na tanadi ta Innarki daban. Kika tsaya kika dubi baƙin rim a cikin farare uku, kika dubi gutsattsarin a ƙasa. Na miƙo miki guntun mai baƙin layi, ba ki karɓa ba. Kika ce, "Baba, da kun tambaye ni." Kika shige ɗaki.

Wannan ban tanadi amsarta ba. Kwana huɗu tana yi mini yawo a kai. Ni da na shekara goma sha tara ina ƙorafin an yanke hukunci a kaina ba a tambaye ni ba, an ɗauke mota ba a bar ni na duba ba, ga shi na yi wa 'yata irinsa. Kayanki ne, guminki ne. Ya kamata in jira ki dawo, in sa ki tsuguna, in fasa shi a gabanki ki ga baƙin da idonki. Wannan kuskure ne, na karɓa, ki haɗa da sauran. Amma kada ki ɗauka na yi nadamar fasawar. In aka mayar da ni Talata, zan jira ki, in tambaye ki, in kin ce a'a in fasa duk da haka. Gara ki shekara ba ki yi mini magana ba kina tafiya da ƙafafunki. Ke dai in kin ga za ki yi wa wani alheri da ƙarfi, ki fara yi masa magana tukuna. Ni ban iya ba, ke ki iya.

Yanzu abin da ya sa na zauna rubutun nan. Innarki ta ce mini kina cigiyar fari na hannu mai irin zanen sauran, wai baƙin nan zai sa abokan aiki su yi miki dariya a wurin ajiye motoci. Ummi, ina kike tsammani fararen na hannu suke fitowa? Daga motocin da suka faɗa rami suke fitowa. Da yawansu an miƙe, an like, an fesa. Zan fasa ɗaya ki je ki sayo ƙaninsa? Ki bar baƙin nan. Mummuna ne, na yarda, ni ma da na ja baya na kalle shi sai da na ce kai. Amma in ya daki rami lanƙwashewa zai yi, iska ta sauka a hankali, ki samu ki tsaya gefe. Kowane mai faci a kowane ƙauye zai miƙe miki shi. In kuwa dole sai fari, ki bari sai kin iya sayen sabo, ko ki zo mu je tare. In kin ƙi ni, to ki sa a cire taya ki juya cikinsa. Ki bi bakin da farce. Inda fenti ya yi kauri ko ya fi sauran santsi, ki ajiye ki tafi. Wanda ya fi kowanne kyau a cikin tsofaffi shi za ki fi tsoro. Ki sa a rataye shi a buga, ki saurara. Kuma in taya ta fara sauka ba ƙusa, kada ki yi ta ƙara iska kina cewa gobe.

Gutsattsarin ban bar wa 'yan gwangwan ba, don kada wani ya ce zai haɗa. Na kai wa masu zubin tukunya na bayan Dakata, na tsaya a kansu har ya narke. Tukunya biyu suka fito da ludayi. Innarki, wadda ta ce na haukace, ta riga ta ɗauke babbar. Ƙaramar tana cikin but ɗinki, a ciki za ki sami takardar nan. Kada ki ce ina nufin ki bar aiki ki koma murhu, ba abin da nake nufi ke nan ba. Za ki yi girki a gidan gwaggonki da za ki sauka a Haɗeja ko ba za ki yi ba? To wannan ƙarfen a nan ne kawai na yarda da shi, in ya tsage miya ce za ta zube. Guntu ɗaya ne ban bari an narka ba, mai baƙin layin. Yana naɗe a tsumma a ƙasan tukunyar. Ni an hana ni ganin nawa. Ke ga naki, ki duba da rana, ki sa farce a ciki.

Sai abu na ƙarshe. Sale yana nan da rai a Haɗeja, gwaggonki ta san gidan, yana zama a ƙofar gida yana sayar da man inji a kwalabe. Ki je ki gaishe shi, ki ce ke ce Ummi da yake saya wa alewa. Ki nuna masa guntun nan. Ki gaya masa abin da na yi miki, da fushin da kika yi, duka. Sannan ki ce masa tsohon nan ya fara fasa motocin 'ya'yansa saboda shirun da ya yi masa. Ni yana iya kawar da ni da kifi, ke zai ji kunyarki. Ki tambaye shi: an juya tayoyin a sabis ko ba a juya ba? Wanda ya fashe, wanda na like ne ko wani? In ya ce ƙaddara, ki ce mun yarda da ƙaddara, wanne ne? Kada ki tashi sai ya faɗa. Kuma duk abin da ya faɗa ki kawo mini shi yadda yake, kada ki bi shi da samfefa don kin ga na tsufa.

Allah ya tsare gabanki da bayanki, ya tsare ƙafafun motarki huɗu, farare da baƙin. Allah ya sa hannunki ya zama sanadin sauƙi ga marasa lafiya, ya dawo mana da ke lafiya duk lokacin da kika kama hanya. Ki yi addu'ar hawa kafin ki tayar, ki bar tirela ta wuce, ba tsere kuke ba. Na yafe miki shirun kwana huɗu. Fasa miki kaya ba da izininki ba, ki yafe mini in kin ga dama.

Amma kada ki aiko mini da gaisuwa ta bakin Innarki ki ce kin sauka lafiya, shi ke nan. Ni za ki kira, a wayata. Tambaya biyu ce: baƙin rim yana jikin motar ko kin cire? Sale ya ce nawa ne ko ba nawa ba? Na gaji da a bar wa Allah, na gaji da haba Malam. Shekara goma sha tara ina tambaya. Wani a cikinku ya buɗe baki ya amsa mini.

Ni ne mahaifinki.